Gawayi da silika: kowanne da abin da yake kamawa

Dukkansu biyu aikinsu ɗaya ne a ido: ƙwayoyin wani abu suna zuwa su manne a fuskarsu, ba tare da sun narke a ciki ba. Amma abin da kowanne ke riƙewa daban ne.

Gawayin da aka gasa da tururi mai tsananin zafi cike yake da ƙananan ramuka, har giram ɗaya kan ba da fili mai faɗin murabba'in mita 1,000. Fuskarsa ba ta son ruwa sosai, shi ya sa yake cafke wari, launi, sinadarin kulorin da guba iri-iri. Da shi Nikolai Zelinsky ya ƙera abin rufe fuska na kariya daga iskar guba a Rasha a 1915. Sai dai gishiri wuce shi yake yi salin alin.

Silika kuwa, ƙwayoyin nan da ake samu a ƴar jaka cikin kwalin takalmi ko kwalbar magani, danshi take nema. Tana iya riƙe ruwa kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta. Wadda aka sa wa sinadarin kobalt shuɗiya ce. In ta ƙoshi sai ta koma ruwan hoda.

Wajen sabuntawa, ni silika na fi yabawa. Zafin digiri 120 ya isa ya kore ruwan, a sake amfani da ita. Gawayi kam sai tanderun masana'anta mai zafin digiri 800 ko fiye, don haka a matatar ruwa ta gida canza shi ake yi.