Hutun kaka a gidan gona a Toskana: inabi ko zaitun, sai ka zaɓi ɗaya

Masu tallan hutu suna yawan rubuta "lokacin girbin inabi da zaitun" kamar a mako guda ake yin su. A yankin Toskana na ƙasar Italiya ba haka abin yake ba. Inabin Sangiovese da ake nomawa a tsaunukan Chianti, tsakanin Fulorens da Siyena, ana yankansa ne daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Zaitun kuwa sai wajen tsakiya ko ƙarshen Oktoba ake fara kaɗo shi, a ci gaba har Nuwamba ya ƙare. Wanda ya biya kuɗi don ya ga duka biyun, sau da yawa a tsakani yake faɗawa: an kwashe inabi, zaitun bai kai ba. Don haka kafin a biya ko sisin kwabo, a rubuta wa mai gonar a tambaye shi makon da yake sa ran farawa a bana, domin zafi da ruwan sama suna matsar da ranakun.

Irin masaukin da ake magana a kai shi ne agriturismo, wato gidan gona mai karɓar baƙi. Dokar Italiya ta fara tsara shi a 1985, aka sabunta a 2006, kuma sharaɗinta shi ne noma ya rinjayi harkar baƙi. Wannan sharaɗi shi ne darajar wurin. Da asuba ƙarar tarakta ce za ta tashe ka, kuma mai gida ba zai zauna hira ba a ranar da yake da kwanduna cike suna jiran mota.

Idan zaɓi ɗaya za a yi, zaitun ya fi. Yankan inabi yana da kyan gani, amma aikin gaggawa ne, ga rina da ke bin zaƙi, ga almakashi mai yanke yatsan wanda bai saba ba. Kuma kusan duk abin da ke biyo bayansa hidimar giya ce, wanda ba ya sha rabin shirin ya wuce shi. Shi kuwa zaitun, daga bishiya har cikin gwangwani kana iya binsa da idonka a yini ɗaya.

Ana shimfiɗa raga mai faɗi a ƙarƙashin bishiya, a kafe gefenta na gangare da sanduna don kada 'ya'yan su gangara. Ƙananan rassa ana tsefe su da ɗan manjagarar roba mai kama da mashaci, na sama kuma da doguwar sanda mai batir da ke karkaɗa su. Sai a tattara ragar, a tsince ganye, a juye a kwandunan roba masu huda. Ba a zubawa a buhu, saboda zaitun da aka danne yana ɗumama ya fara ruɓewa, man ya ɗauki wari. Ba a kaɗowa yana jiƙe da ruwan sama. Gonar da ta san abin da take yi tana kai shi injin matsa cikin awa 24. A can za a wanke, a niƙa har da ƙwallon, a cuɗa ƙullun kamar rabin awa, sannan injin juyi ya raba mai da ruwa da tuƙa. Dokar Tarayyar Turai ta ce sai zafin bai kai digiri 27 ba za a rubuta cewa matsar sanyi ce, kuma mai mai daraja ta farko tsaminsa ba ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari. Kilo 100 na zaitun a farkon kaka bai cika ba da fiye da kilo 10 zuwa 15 na mai ba, dalilin tsadarsa ke nan.

Sabon man kore ne shar, da ɗan duhu-duhu, yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, yana kuma yaji a maƙogwaro har ya sa tari. Wannan yajin alamar kyau ce. Ana ɗanɗana shi a kan fettunta: a gasa burodin Toskana marar gishiri, a goga masa tafarnuwa, a kwarara mai, a barbaɗa gishiri. Kada dai kwaɗayi ya sa ka ciji ɗanyen zaitun daga bishiya, ɗacinsa zai daɗe a bakinka. Idan ka lura da bishiyoyi masu kututture uku ko huɗu daga gindi ɗaya, da yawansu tohon waɗanda tsananin sanyin Janairun 1985 ya ƙone ne.

Akwai inda hidimar take gazawa. Dokar ƙwadago ta Italiya tana da tsauri kan aikin da ba a yi wa rajista ba, shi ya sa baƙo awa ɗaya ko biyu kawai ake bari ya taɓa aikin. Shekarar da ƙudan zaitun ya yi ɓarna, kamar 2014, wasu gonaki ba su sami abin kirki da za su kaɗo ba. Nuwamba watan ruwa ne, kuma bayan an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi. Gidajen dutse suna da sanyi, wasu kuma kuɗin ɗumama ɗaki daban suke lissafa shi, ban da harajin kwana da ƙaramar hukuma ke karɓa. Wurin ninƙayar da ke cikin hoto a rufe za ka same shi.

Abinci yana da daɗi, amma a yi tambaya. Naman alade da na aladen daji sun cika teburin yankin, naman sa na peposo da giya ake dafa shi, miyar wake da kabeji ta ribollita ma wasu suna jefa mata ƙashin alade. A sanar da mai girki tun kafin isowa, ba sai an zauna cin abinci ba.

Mota dole ce, domin gonakin suna ƙarshen hanyoyin tsakuwa. Idan za a leƙa Siyena ko Fulorens, a ajiye ta a wajen gari: tsakiyar garuruwan akwai alamar ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara tana ɗaukar lambar mota, tara ta biyo mutum bayan watanni. Kwana huɗu zuwa biyar sun isa, a gonar da ke da injin matsa nata ko kusa da ita. Man da za a tafi da shi a saya na gwangwani mai lita ɗaya ko uku, a duba shekarar girbi a jiki, a sa shi a babban akwati saboda a filayen jirgi da yawa ba a shiga da shi jirgi a jakar hannu. Wanda ba a tace ba a cinye shi cikin 'yan watanni, a kuma ajiye shi nesa da murhu da hasken rana.