Sharhi kan wasan Stardew Valley: ƙauyen Pelican Town da mutanensa

Wasan kwamfutar da ake kira Stardew Valley ya fito ne a ranar 26 ga Fabrairu, 2016, kuma mutum ɗaya ne ya ƙirƙire shi, wani Ba'amurke mai suna Eric Barone, wanda ya shafe fiye da shekara huɗu yana aikin shi kaɗai: shi ya rubuta manhajar, shi ya zana hotunan, shi ya tsara kiɗan, shi ne kuma ya sa wa kowane mutum na cikin wasan maganar bakinsa. Galibi ana gabatar da shi a matsayin wasan noma, kuma ba a yi ƙarya ba, domin da gona ake farawa. Sai dai bayan na kai shekara ta uku ta cikin wasan, abin da na fahimta shi ne gonar hanyar shiga ce kawai, ainihin hajar da mutum ya saya ita ce ƙauyen da ke gabas da ita, wato Pelican Town, ƙauyen da ba ya kan taswirar kowace ƙasa amma yake da kalandarsa da bukukuwansa da talakawansa da aljanunsa. A kan ƙauyen nan zan tsayar da wannan sharhi.

Labarin yana buɗewa ne da ma'aikacin ofis a wani babban kamfani mai suna Joja, wanda aiki ya gundure shi har ya buɗe wasiƙar da kakansa ya bar masa, ya tarar a ciki an ba shi gadon wata tsohuwar gona. Yana sauka daga bas Robin kafinta ta tarbe shi, magajin gari Lewis ya yi masa maraba, aka bar shi da zinariya 500 da ƙwayar iri 15 ta wata saiwa mai kama da farin karas wadda take nuna cikin kwana huɗu. Daga cikin ayyukan farko da wasan ke ɗora wa baƙon akwai zagaya gari ya gaisa da mutum 28, kuma wanda ya ɗauka aikin minti biyar ne zai sha mamaki, domin babu wanda yake tsaye a ƙofar gida yana jiransa.

Wannan rashin jiran shi ne ginshiƙin ƙauyen. Shekara tana da yanayi huɗu, bazara da lokacin zafi da kaka da hunturu, kowanne kwana 28. Rana tana farawa ƙarfe shida na safe, kuma wanda ƙarfe biyu na dare ya riske shi a waje zai faɗi sumamme, ya farka an rage masa wani abu daga kuɗinsa. Yini guda kuwa a agogonmu bai wuce kimanin minti 14 ba. A cikin wannan ɗan lokaci kowane mazaunin gari yana da inda zai je da sa'ar da zai je, kuma tsarin yakan canza idan an tashi da ruwan sama. Pierre mai kanti ba ya buɗewa ranar Laraba, don haka manomin da ya manta bai sayi iri ranar Talata ba ya yi asarar yini. Ranar Talata ba a samun Robin a bakin aikinta, saboda ta tafi motsa jiki tare da wasu matan garin a gidan Caroline, matar Pierre. Clint maƙeri yana riƙe gatari ko bokitin ban ruwa kwana biyu kafin ya gama inganta shi, kuma ba ruwansa da cewa shukarka tana jin ƙishi. Da farko waɗannan abubuwa suna ba da haushi, amma daga baya mutum yakan tsinci kansa yana tsara mako kamar ɗan gari, yana cewa bari in bari sai Juma'a da yamma, lokacin da kusan kowa ke taruwa a mashayar Gus, in kai wa kowa saƙonsa a wuri ɗaya.

Akwai wani dare da ya sa na daina kallon mutanen wasan a matsayin hotuna masu motsi. Na shigo gari bayan ƙarfe takwas, sai na ga Linus, dattijon da ke zaune cikin tanti a gindin dutse a arewacin gari, yana tonon kwandon sharar wani gida. Maigidan, tsoho George, ya ji motsi ya fito a kan kekensa na guragu, ya zaci dabbobin dawa ne, ya roƙe ni in kore su. Linus ya fito daga inda ya ɓuya cikin kunya, yana bayanin cewa abincin da aka zubar lafiyayye ne. Da ya matsa bayan mashaya ya ci gaba da tono, Gus ya fito ya kama shi dumu-dumu, amma maimakon tsawa sai ya nuna masa cewa ba ya son kowa ya kwana da yunwa a garin, ya ba shi abinci mai kyau. Babu maki da aka samu, babu kyautar da ta biyo baya. Wasan ya nuna halin mutum uku cikin minti guda, ya koma ya yi shiru.

Irin wannan nauyi yana nan a gidaje da dama, ko da yake launukan wasan masu haske sukan sa a zaci komai wasan yara ne. Pam direbar bas ce da ta rasa aiki tun da motar ta lalace, tana zaune da 'yarta Penny a wani gidan tirela a bakin kogi, kuma shaye-shaye ya zame mata jiki. Penny ce ke koyar da yaran garin biyu, Jas da Vincent, a ɗakin karatu, domin ƙauyen ba shi da makaranta. George hatsarin ramin kwal ne ya zaunar da shi. Kent kuwa ba a ganinsa sam a shekarar farko, saboda yana fagen yaƙin da ƙasarsu, Jamhuriyar Ferngill, take gwabzawa da Daular Gotoro. Yana dawowa a farkon shekara ta biyu a matsayin wanda ya sha ɗaurin fursunan yaƙi, har ƙarar gugguru a kicin takan firgita shi. Yaƙin ba ya taɓa isowa ƙauyen, amma ga shi zaune a falon Jodi, matar Kent.

Bukukuwan garin su ne inda aka fi zuba hikima, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Farautar ƙwai ta ranar 13 ga bazara da gasar kamun kifi a kan ƙanƙara ta ranar 8 ga hunturu ƙananan wasanni ne da mutum zai yi sau ɗaya ya ƙoshi. Rawar furanni ta ranar 24 ga bazara ta fi su ma'ana, musamman a shekarar farko, domin sai an kai wani matsayi na shaƙuwa kafin wani ya yarda ya yi rawa da kai, kuma yawancin sababbin 'yan wasa sukan nemi abokin rawa ɗaya bayan ɗaya a ƙi su, su ƙare a gefe suna kallo. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna wa mutum cewa har yanzu baƙo ne ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne taron bakin teku na ranar 11 ga lokacin zafi, inda ake ɗora ƙatuwar tukunya kowa ya jefa abin da ya kawo, sannan gwamnan yankin ya ɗanɗana miyar a gaban jama'a. Idan abin da ka zuba mai kyau ne, farin jininka ya ƙaru wurin mutanen gari. Idan ka yi rowa ko ka jefa abin banza, gwamna ya yamutsa fuska, magajin gari ya ji kunya, kowa kuma ya rage ganin girmanka. A nan wasan ya ɗaure gona da gari da igiya ɗaya, domin ingancin abin da ka noma makonni da suka wuce shi ne mutuncinka na yau. Ranar ƙarshe ta wannan yanayi kuma, da ƙarfe goma na dare, jama'a sukan tsaya a kan gadar katako ta bakin teku, Lewis ya saki ɗan kwalekwale mai kyandir, sai wasu halittun ruwa masu siffar lema su taso suna haske a cikin duhu, su wuce. Ba a cin komai, ba a sayar da abin kirki, kallo ne kawai na bankwana da yanayi. A ranar 25 ga hunturu ana musayar kyauta a ɓoye, bayan wasiƙa ta zo mako guda kafin nan ta sanar da kai sunan wanda za ka ba.

Sihirin ƙauyen yana zaune ne a gefe-gefe, kuma yawancin mazauna ba su damu da shi ba, abin da a ganina ya ƙara masa armashi. Akwai boka a wata hasumiya a yammacin daji, akwai wata baƙar halitta mai ladabi da ake kira Krobus da ke sayar da kaya a magudanar ƙarƙashin gari, akwai wada a bakin ramin ma'adinai mai hawa 120 wanda ba a jin harshensa sai an tattara wasu tsofaffin rubuce-rubuce guda huɗu. Mafi muhimmanci su ne Junimo, ƙananan aljanun daji masu kama da tuffa, waɗanda suka tare a rusasshen zauren taron garin. Suna neman a kawo musu amfanin gona da kifi da ma'adinai da kuɗi don ɗakuna shida, su kuma su gyara wani abu a gari, kamar gadar da ta karye ko bas ɗin da zai mayar da Pam bakin aiki. Wanda ba shi da haƙurin wannan yana iya biyan zinariya 5,000 ya zama mamban Joja, a mayar da zauren sito, ya sayi gyare-gyaren da tsabar kuɗi. Wasan ya ba da zaɓi, amma bai ɓoye inda zuciyarsa take ba, kuma manajan kantin Joja, Morris, an zana shi da mugunta ƙarara har ya rasa zurfin da sauran mutanen suke da shi.

Babban aibin da na gani yana cikin yadda ake ƙulla zumunci. Ana auna shi da alamun zuciya, kuma hanya mafi sauri ta cika su ita ce kyauta, sau biyu a mako ga kowane mutum, sai ta ranar haihuwa wadda ake ninka darajarta sau takwas. Da zarar ka san abin da kowa yake so, abota ta koma lissafi, ka riƙa yawo da jaka kana raba kaya kamar mai biyan bashi. Aibi na biyu ya fi wannan ciwo: ƙauyen ba ya tsufa. Jas da Vincent suna nan yara ko an yi shekara goma, 'ya'yan da ɗan wasa zai haifa ba sa wuce shekarun tatata, babu wanda ke rasuwa, kuma bayan shekara ta biyu maganganun mutane sukan fara maimaituwa. Sabuntawar da aka fitar a watan Maris na 2024 ta rage wannan kaɗan ta hanyar sauya kamannin bukukuwa da hirarrakinsu a shekaru bi da bi, amma ba ta taɓa tushen matsalar ba. Kamun kifi ma yana da wuyar koyo a kwanakin farko, kuma wasan yana da rowar bayani, ta yadda abubuwa da yawa sai an gano su da kai.

Ana samun wasan a kwamfuta da na'urorin wasa irin su Nintendo Switch da PlayStation da Xbox, ya kuma shigo wayoyin iPhone a 2018 da na Android a 2019. Sau ɗaya ake biya, babu talla a ciki, babu sayen ƙarin kaya da kuɗin gaske, kuma duk manyan sabuntawar da aka yi tun fitowarsa kyauta aka ba da su, abin da ya yi ƙaranci a kasuwar wasanni ta yau. Mai wasa shi kaɗai ba ya buƙatar intanet. Babu muryoyi, komai a rubuce yake, don haka wanda karatun Turanci ko ɗaya daga cikin harsunan da aka fassara wasan zuwa gare su yake yi wa nauyi zai samu gonar amma ƙauyen zai kuɓuce masa. Iyaye kuma ya kamata su san cewa akwai giya a mashaya da cikin sana'o'in gona, akwai kiwon alade, akwai gidan caca a hamada, akwai wurin bautar wani abin bauta na ƙirƙira mai suna Yoba a ginin kantin Pierre, sannan auren cikin wasan bai taƙaita jinsin wanda za a aura daga cikin mutum 12 da aka ware ba. Duk waɗannan ana iya kauce musu ba tare da wasan ya tsaya ba.

Wanda ke neman wasan sauri da faɗa ba zai daɗe a nan ba. Wanda kuwa yake da sha'awar ganin yadda ake gina gari da mutanensa daga babu, shawarata ita ce ya riƙe gonarsa ƙarama a shekarar farko, ya gama ban ruwa kafin tsakar rana, ya shiga gari ya bi mutum ɗaya a baya tun daga ƙofar gidansa har zuwa inda yini zai kai shi. Ni da Linus na fara.