Garmin Xero C1 Pro: Na'urar Awon Gudun Harsashi da Na Gwada Daga Zafi Zuwa Sanyi

Uwargida ce ta buɗe kwalin ranar da aka kawo ta. Ta ɗago ta da yatsu biyu, ta juya gaba ta juya baya, sannan ta ce, "Malam, wannan 'yar abar ce ta ci dala 600? Ai ko sabulun wanka ya fi ta auki." Ban ce komai ba, don gaskiya ta faɗa. Dala 599.99 ce kamfanin Garmin ya sa mata lokacin da ya fito da ita a ƙarshen 2023, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta gaya maka gudun da harsashi ya fita da shi daga bakin bindiga.

A jihar Wiskonsin ta Amurka nake zaune, kuma ina cikin masu fita farautar barewa duk shekara. A nan lokacin farauta da bindiga kwana tara ne, yana farawa ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikinsu na godiya a watan Nuwamba. Sai ka yanki lasisi, duk wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau kuma sai ya nuna shaidar ya yi kwas ɗin mafarauta, sannan ka sa riga ruwan lemo mai ƙyalli don kada wani ya ɗauke ka barewa. Haɗa harsashi da hannu a gida halas ne a dokarsu, har shaguna ake da su na kayan. Na faɗi wannan ne saboda 'yan uwa na gida: a Najeriya haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne babba, labarin nan na wata ƙasa ne mai wata doka.

Ni dai abin a jini yake. Kakana maharbi ne, adaka gare shi. Ina yaro na sha ganinsa yana zuba albarushi a tafin hannu, ya dube shi da ido kawai, ya ɗura, ya cusa tsumma, ya danna da sanda. Da na zo nan na tarar da wani dattijo maƙwabcina, Bature, tsohon makaniki da ya yi ritaya, yana irin wannan aikin a garejinsa, sai dai shi da sikeli. Shi ya zaunar da ni gaban koren injin matsinsa na RCBS ya koya min: a wanke kwanso, a mayar da shi girmansa, a sa sabuwar 'yar hular wuta a gindi, a auna garin albarushi, a ɗora kan harsashi. Awon da giren ake yi, giren 7,000 ne ke cika laba ɗaya, kuma kashi ɗaya cikin goma na giren ma sai an kula da shi. Bindigata ƙirar Finland ce, mai cin .30-06, harsashin da sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906 kuma har gobe mafarauta ba su sake shi ba. Kan da nake ɗorawa mai giren 165 ne, giram 10 da 'yan kai.

Dalilin sayen Garmin ɗin kuwa abin kunya ne, amma zan faɗa. Dattijon yana da tsohuwar na'urar awon gudu irin mai ido biyu, wadda ake kafawa taku huɗu ko biyar gaban bindiga, harsashi ya ratsa ta samanta ta ga inuwarsa. Kafin ka kafa ta sai an tsayar da kowa a filin harbi, ka fita, ka gyara, ka dawo ka leƙa ta madubi, ka sake fita, mutane na tsaye suna kallonka da hannu a ƙugu. Girgije ya gitta ta rikice, rana ta karkata ta ƙi karantawa. Wata Asabar na are ta. Na manta cewa madubin hange yana sama da bututu da kusan inci ɗaya da rabi, wato abin da ido ke gani a sarari ba nan harsashi zai bi ba in abu na kusa. Na ja kunama. Sai ga robobi sun yi sama, fuskar na'urar ta tashi, batirinta ya gangara har gaban teburin wani. Dattijon ya daɗe yana kallon gawar, sannan ya ce ba ni ne farau ba, shi ma wannan ce ta biyunsa. Kuɗi kuwa ya ƙi karɓa ƙememe.

Ita wannan sabuwar da rada take aiki. Tana aika igiyar rediyo ta bi bayan harsashi, ta dawo, daga sauyin da aka samu take lissafa gudun. Saboda haka a kan tebur take zama, gefen bututu, ɗan baya kaɗan da bakin bindiga, a kan 'yar ƙafa uku da take zuwa da ita. Babu abin da ke gabanka da za ka harbe. Ka kunna, ka zaɓi ko doguwar bindiga ce ko ƙarama ko baka ko ta iska, ka juya ta wajen takardar da za ka harba, shi ke nan. Ranar farko na ƙirga, ban kai minti biyu ba na gama shiri, ban roƙi kowa ya dakata ba. Tana karanta gudu daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kamfanin ya ce caji ɗaya na kai awa shida, kuma yayyafi bai dame ta ba. Daga Yuli zuwa Nuwamba na harba kusan 200 a gefenta, ban tuna ko ɗaya da ta tsallake ba. A wannan fannin ba ni da ta cewa, ta cika alkawari.

Abu na farko da ta yi min shi ne rage min girman kai. Shekara uku ina gaya wa mutane harsashina na fita da ƙafa 2,800 a daƙiƙa, don haka littafin awon masu haɗa harsashi ya nuna. Harbin farko, sai allo ya rubuta 2,731. Na ce ko kuskure ne. Na biyu 2,744. Dattijon ya yi dariya ya ce masu littafi galibi da bututu mai inci 24 suke gwajinsu, nawa kuwa 22 ne da ɗan ɗori, kuma duk incin da aka rage yana tafiya da ƙafa 20 zuwa 30. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya ƙara gari ya kamo lambar littafi. Kada ka fara. Iyakar matsin da masana'antar harsasai ta tsayar wa .30-06 laba 60,000 ne a kan kowane inci murabba'i, kuma wannan wutar tana tashi ne taƙi ɗaya daga idonka. Ni yanzu akasin haka nake amfani da na'urar: in na ga gudu ya haura abin da littafi ya ce alhali bututuna ya fi gajarta, na san matsi ya yi yawa ke nan, sai in koma baya.

Babban gwajin a ƙarshen Yuli na yi shi, zafi ya kai digiri 30, ba iska. Na haɗa kashi uku, garinsu ɗaya, kansu ɗaya, bambancin rabin giren ne tsakanin kowanne, duk a cikin iyakar littafi. Takarda a yadi 100, bindiga a kan buhun yashi gaba da baya. Bututun bindigar farauta siriri ne, harbi uku ya ɗau zafi, don haka duk bayan harbi biyu sai in buɗe ta in jingine, in sha shayi daga fulas. Na'urar tana nuna matsakaicin gudu, da tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi nawa, da wata lamba da suke kira SD mai nuna yadda harsasan ke kusa da juna wajen gudu. Ƙanƙantar lambar, daɗin ran mai haɗawa.

Kashi na uku ya ba ni SD 7. Na ji kamar an yi min albishir. Na biyu 14, na farko 19. Tun kafin a ba da izinin zuwa duba takarda na riga na yanke hukunci a zuci, har na fara tsara yadda zan ba dattijon labari. Da na isa sai na tsaya turus. Ramuka biyar na kashi na uku sun bazu kusan inci biyu, ɗaya can sama ta dama kamar ya yi fushi da 'yan uwansa. Na biyun nan da na raina kuwa, biyar ɗin sun taru, na ɗora murfin kwalbar lemo ya kusa rufe huɗu, da na auna da ma'auni inci ɗaya ne da ɗigo.

Na koma gida na zauna da biro, sai na ga ashe ba abin mamaki ba ne. Harsashin nan yana isa yadi 100 cikin kusan kashi ɗaya bisa tara na daƙiƙa. Ko da wani ya fi wani gudu da ƙafa 50, bambancin faɗuwarsu a wannan nisan bai kai kashi ɗaya cikin goma na inci ba. Sai an kai yadi 300 yake kusantar inci guda. Abin da ke watsa ramuka a kusa wasu abubuwa ne daban: yadda bututu ke karkarwa lokacin da harsashi ke fita, zurfin da aka dasa kan, zaman bindiga a cikin ƙotarta, da uwa uba hannun mai harbi da numfashinsa. Na'urar ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba ta taɓa cewa tana gani ba. Ni ne na ɗora mata kayan da ba nata ba. Masu harbin yadi 1,000 su ne SD ke hana barci, ni kuwa a dajin da nake farauta itatuwa ba sa barin ka hango yadi 150.

Wani abin da ta koya min a fakaice shi ne yawan harbi. Da can uku nake harbawa, in sun taru in yanke takardar in manna a bangon gareji. Da na ga yadda SD ke tsalle, bayan harbi uku 5, bayan goma ta koma 13, sai jikina ya yi sanyi game da waɗancan takardun. In lambar gudu na yaudara a harbi uku, ramuka uku ma haka ne. Na sake gwajin Asabar biyu a jere, goma-goma, ina haɗa takardun waje ɗaya. Na biyun ya riƙe matsayinsa, sai dai ya buɗe zuwa inci ɗaya da kwata, wanda shi ne gaskiyar bindigar da mai ita. Takardun bango na sauke su duka.

Mako guda kafin buɗe farauta na koma, sanyi ya sauka ƙasa da sifili, yatsu sun ƙage. Na bar bindiga da harsasai a waje awa ɗaya su sha sanyi, don haka za su kasance a daji. Gudun ya ragu da kusan ƙafa 35, harbin farko daga bututu mai sanyi ya sauka rabin inci ƙasa da inda yake sauka a Yuli. Wurin da ake nema a ƙirjin barewa ya kai faɗin ƙaramin faifai, saboda haka rabin inci ba komai ba ne, amma gara na sani da in yi zato. Ni abin da ya fi damuna a farauta shi ne kada in raunata dabba ta shige daji ta mutu a wahale, nama ya salwanta, ga alhaki.

Akwai manhajar waya mai suna ShotView da ke kwashe lambobin ta adana. Tana da amfani, amma ni har yanzu littafina na aljihu na fi yarda da shi, don a nan nake rubuta zafin rana da iska da ko na yi barci sosai daren jiya. Ƙanƙantar na'urar kuma sai an kula: sau ɗaya na kai bakin mota na tuna na bar ta a kan tebur, laifina ne.

Wa ya kamata ya saya? Mai sayen harsashin kanti kwali ɗaya a shekara, ya harba biyar ya gyara saiti ya tafi daji, ya riƙe kuɗinsa, takardar dala ɗaya ta ishe shi. Mai haɗa nasa kuwa, musamman mai sauya gari ko kai, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, ko don ta gargaɗe shi kan matsi. In kuna da yawa ku yi karo-karo ku sayi ɗaya, ba kullum ake buƙatarta ba.

Rana ta uku da buɗe farauta, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, wani namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa a yadi 60. Na yi bisimilla na ja, bai yi taku goma ba. Da dare na kira Kawu a gida, wanda ya gaji adakar Kaka, na zayyana masa komai, rada da SD da sanyi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, yadi sittin ɗin nan, ai kakanka ko fitila bai kunna wa irinta." Ya ce in aiko masa da hoton ƙahon.

Na'urar kuwa yanzu haka tana wurin dattijon. Ya ce zai gwada wasu harsasai na kwana biyu, yau mako uku ke nan, ni kuma da na fasa masa tasa ba ni da bakin tambaya.