Kebul ɗin Cat6 mai mita 30: tsawonsa ba ya cin gudun intanet, ƙarfen cikinsa ne abin dubawa

Idan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana falo, kwamfuta kuma tana can ɗakin ƙurya, tambayar da mai saye yake fara yi ita ce ko doguwar waya za ta rage masa gudun intanet. Kebul ɗin Cat6 zagayayye mai mita 30, wanda aka riga aka matse masa kan RJ45, wato kan da ake cusawa a ramin rauta ko kwamfuta, a kowane gefe, ba zai rage ko megabit ɗaya ba matuƙar jan ƙarfe zalla ne a cikinsa. Shi muke ba da shawarar a saya, amma sai an yi taka-tsantsan, domin sunan Cat6 a jikin leda ba shi ne shaidar inganci ba.

Ƙa'idar TIA-568, wadda ta tsara yadda ake shimfiɗa irin wannan kebul, ta yarda da mita 100 tsakanin na'ura da na'ura: mita 90 na wayar da aka binne a bango, mita 10 na gajerun wayoyin haɗi. A cikin wannan iyaka, gigabit ɗaya yana nan gigabit ɗaya, kuma gwajin gudu zai nuna kusan megabit 940 idan layin kamfanin ya kai haka. Jinkirin da tsawo ke kawowa wajen nanosakan 5 ne a kowace mita. Mita 100 ke nan ba ta wuce rabin maikirosakan ba, alhali jinkirin da masu wasan intanet ke kuka da shi ana auna shi da milisakan.

Mutane kan ɗauka abin kamar famfo ne, wanda ƙarfin ruwansa ke raguwa kaɗan-kaɗan yayin da bututu ke ƙara nisa. Ba haka kebul yake aiki ba. Da zarar an jona, na'urorin biyu suna daidaitawa a kan mataki ɗaya: megabit 1000 (wato gigabit ɗaya), ko 100, ko 10. Gigabit yana buƙatar dukkan silin waya takwas, wato tagwaye huɗu da aka tufke biyu-biyu, shi kuwa mataki na 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, masu lamba 1, 2, 3 da 6. Saboda haka idan sili ɗaya daga cikin sauran ya karye ko bai taɓa haƙorin kan ba, intanet ba zai ɗauke ba, sai dai ya faɗo ƙasa shiru. Duk wanda ya ga gwajinsa ya maƙale a megabit 94 ko 95 alhali yana biyan kuɗin 300, ya fara zargin kebul ko kan, ba nisan ɗaki ba.

Inda tsawo ke shigowa shi ne wajen tona asirin kaya mara kyau. Akwai kebul mai alamar CCA, wanda alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Yana tare wuta fiye da jan ƙarfe da sama da rabi, yana saurin karyewa idan an lanƙwasa shi, kuma ƙa'idar ba ta amince da shi ba ko da an buga masa Cat6. A mita 2 zai yi aiki lafiya ƙalau. A mita 30 zuwa 60 ne halinsa ke fitowa, musamman idan shi ke kai wa kyamarar tsaro wuta ta hanyar PoE, wato tura wutar lantarki ta cikin kebul ɗin intanet: da rana lafiya, da dare fitilun kyamarar na kunnawa sai ta fara mutuwa tana tashi. Gane shi ba wuya. A kankare sili ɗaya da wuƙa; idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne. Haka kuma yana da sauƙin nauyi a hannu.

Faffaɗan kebul mai kama da zare, wanda ake so don yana bi ta ƙarƙashin ƙofa, yawanci silinsa lamba 30 ko 32 ne a ma'aunin kaurin waya na AWG, siriri ƙwarai. A wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, don haka a nemi 23 ko 24. Faffaɗan ya isa haɗa talabijin a mita 5, amma ba mu yarda da shi a dogon zango ba.

Masu rubutun Cat7 da Cat8 kuwa, ba su ƙara wa gida komai. An tsara Cat8 don ɗakunan manyan sabobi, wato kwamfutocin ajiye bayanai, kuma iyakarsa mita 30 a cikakken gudunsa. Cat5e mai kyau ma yana ɗaukar gigabit har mita 100. Cat6 yana kai gigabit 10 zuwa wajen mita 55, mai son hakan a cikakken tsawo sai Cat6a.

Kyakkyawan kebul ma ana kashe shi wajen shimfiɗawa. Kada a lanƙwasa shi fiye da da'irar da faɗinta ya ninka kaurinsa sau takwas, kada a danne shi da ƙusar maƙalawa har ya lotse, kada kuma a jera shi manne da wayar lantarki. Idan dole ne su haɗu, ya gitta ta kawai. Idan za a yanke a sake matse kai, kada a warware tufkar fiye da milimita 13, domin ita ce ke kashe kutsen da sili ke yi wa ɗan'uwansa. A bi jerin launukan sili na T568B a gefe biyun: fari-lemu, lemu, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Bayan an jona, a buɗe bayanan Ethernet a kwamfuta a tabbatar an ga 1000/1000.

Wannan kebul na cikin ɗaki ne. Rana tana busar da rigarsa ta tsattsage, ruwa ya shiga. Mai son kai intanet wani gini ya nemi na waje mai baƙar riga. Idan nisan ya haura mita 100, a sa suwic, wato ɗan akwatin da ake jona kebul-kebul a cikinsa, a tsakiya don ya sabunta siginar, ko a koma wayar faiba, wadda ita ba ta ɗauko wutar tsawa daga wannan gini zuwa wancan.