Babur mai caji a cunkoson Kano: sharhina bayan na hau shi

Na sayi babur mai caji bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000. Ɗan ƙarami ne ƙirar China, fasalinsa kamar roba-roba, kuma da shi nake zuwa kasuwa kullum.

A cikin gosulo ba shi da na biyu. Duk wanda ya san Bata ko bakin Kantin Kwari da la'asar ya san yadda 'yan adaidaita sahu ke cushewa, kowa injinsa na ci da mai alhali ba a motsi. Nawa in na tsaya ya tsaya ke nan, ba ya shan komai, da an sami 'yar kafa kuma sai in sulale. Babu zancen juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kabureta. Cika batirin bai kai yunit biyu na mita ba.

Amma duk daɗin nan a wuyan wuta yake rataye. Batirin yana son awa shida zuwa takwas a jone kafin ya cika, a unguwarmu kuwa ba kullum ake barin wutar ta kwana ba. Ranar da aka ɗauke da tsakar dare, da rabin caji zan fita, idona na kan 'yan sandunan da ke allon gaba, ina lissafin ko za su mai da ni gida. In ka ta da janareto don ka yi caji, ai man da ka guje wa ka koma saye. Shi ya sa na ga masu sola a gida ko a shago su suka fi morar sa.

Nisan da mai shagon ya faɗa mini ban taɓa samunsa ba. Goyo da hawan gadar sama suna zuƙe shi, zafin bazara kuma yana gajiyar da batir mai darma da wuri. Da zan sake saye, mai lithium zan nema ko da ya fi tsada.

Gyara ma sai a hankali. Injin a cikin tayar baya yake, da wayoyinsa, don haka da ta yi faci sai da na tsaya a kan mai facin kada ya fizge waya. Bakaniken unguwa kuwa cewa ya yi in kai wa masu gyaran inbata.

Ga shi ba ya ƙara. Masu tura baro da yara ba sa jin tahowata, dole yatsana ya zauna a kan hon.

Mai gajeriyar zirga-zirga a cikin gari, wanda yake da tabbacin inda zai yi caji, ina ba shi shawarar ya saya. Mai zuwa Wudil ko Bichi kullum ya riƙe na mansa tukuna.