Sharhi kan kulawar masu allurar barci a tiyatar hanji

An yi mini tiyatar cire wani sashe na babban hanji a wani asibitin koyarwa, kuma sharhina ya shafi sashen masu allurar barci ne, domin su ne majinyaci bai cika sanin sunansu ba, alhali su ke tsare da numfashinsa da bugun zuciyarsa daga shiga ɗakin tiyata har ya farfaɗo.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ziyarar da wata likitar sashen ta kawo mini ana gobe aikin. Ta tambaye ni game da hawan jini da ciwon sukari da asma, da ko an taɓa samun wanda allurar barci ta ba matsala a danginmu. Ta sa na buɗe baki, ta duba ko akwai haƙori mai girgiɗi, ta kuma sa na ɗaga wuya, saboda bututun numfashi da za a zura ta maƙogwaro. Ta nace a kan in faɗi duk abin da nake sha, har jiƙe-jiƙe da sassaƙe, tana cewa wasunsu, kamar asfirin, suna iya hana jini tsayawa da wuri. Ba ta yi tambayar da sigar raini ba, shi ya sa ban ɓoye mata komai ba.

Bayaninta kan barin abinci ma ya fita sarai: awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla, kuma koko da shayi mai madara duk abinci ne. Dalilin shi ne wanda aka sa barci ba ya iya tare amai, abin da ke cikinsa na iya gangarawa huhu. Gwajin jini da na ƙoda da na zuciya sun tafi ba tangarɗa, 'yan'uwana kuma suka ba da jinin da za a ajiye.

A ɗakin tiyata an sake tambayar sunana da aikin da za a yi mini, bisa jadawalin kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. An sa mini siririyar roba a gadon baya don kashe zafi, kuma ita ce ta ba ni damar yin tari da tashi zaune washegari, abin da ke kare majinyaci daga ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Sai dai akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. An ɗaga lokacin aikina daga safe zuwa bayan azahar, amma ba wanda ya zo ya ce in ɗan sha ruwa ko ya ɗaura mini ƙarin ruwa, har ƙishi ya galabaitar da ni. Takardar amincewa kuwa da Turanci aka karanta ta cikin sauri. Ba a kuma gaya mini cewa zan farka da bututu a hanci da robar fitsari ba, don haka na tsorata ƙwarai, na zaci wani abu ya lalace. Likitar da ta iya bayyana mini hikimar barin koko tana iya ƙara wannan a cikin minti biyu, kuma ina roƙon sashen ya mayar da shi wajibi ga kowane majinyaci.