Babban Allo Biyu a Zafin Garwa

Mai son ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu, ya fara duba VRM, sashen babban allon kwamfuta (motherboard) da ke sauke wa furosesa wuta daga bolt 12 zuwa kusan 1.3.

Allo mai araha yana da layukan sauke wuta huɗu a VRM ɗinsa, sassansa a tsirara ba ƙarfen sanyaya. A zafin Afrilu na garin Garwa da ke Kamaru, da ya haura digiri 40, sai ka ɗora yatsa kusa ka janye da sauri. Furosesa kuma ya rage gudu da kansa don kada VRM ɗin ya ƙone.

Mai layuka 12 da ƙarfen sanyaya yana raba nauyin, wutar ta tsaya daram. Ya fi tsada, amma shi nake zaɓa, ko da zan haƙura da ƙaramin furosesa.